Ciza Zaren Nan: Ban Kwana da Donna Ortensia

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Aniello Tramontano, wanda unguwarmu a nan Napoli ba ta san shi da wani suna ba sai Donna Ortensia. Shekarunta saba'in da huɗu. Ta cika a ɗakinta na ƙasa, ƙofa a buɗe kamar kullum, ƙanwarta Rafilina na riƙe da hannunta, keken ɗinkinta na gefen gado an lulluɓe shi da zane. Ina tashar jirgin ƙasa waya ta same ni. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma. Sunan farkon nan na takardar haihuwa ne da katin asibiti. Na rubuta shi sau ɗaya don hukuma, ba zan ƙara ba. Daga nan da ke zan yi magana, yadda na saba, uwar ɗakina.

Shekara hamsin da ɗoriya kina cikin sana'ar nan tamu, ta maza masu ɗora gashi su zuba kwalliya, su sa rigar da ko amarya ba ta isa ta sa ba, su hau dandamali su sa mutane dariya har su manta da abin da ke damunsu. Kin fara ta tun zamanin da ɗan sanda ke iya tare mutum a titi ya jefa shi a mota don kawai ya gan shi da siket. Sau tara aka tsare ki, ke kika ƙirga mana. Rafilina ta ce a karo na tara ba ki fito ba sai da kika rage wa sajan tsawon wandonsa, bayan kin ishe shi da gorin cewa yana share musu daɓe da shi kyauta. Da rana kuwa tela ce ke, kuma babu amaryar da ta fita daga lungunmu ba da ɗinkin hannunki a jikinta ba. Matan da mazajensu ke tofar da yawu in kin wuce, su ne ke layi a ƙofarki da yadi a hammata. Ba ki taɓa ramawa a kan ɗinki ba. Da baki kike ramawa, kuma kowa ya san bakinki.

Ina da shekara ashirin da uku na zo miki daga ƙauyenmu na bayan dutse, sunana Saverio, ɗauke da wata jar riga da na haɗa da kaina nake ji da ita. Kika karɓa, kika juyo cikinta waje, kika kai hanci. "Wannan riga ce ko kwalin takalmi?" kika ce. "Gam! Ke, da gam aka liƙa ki a cikin uwarki?" Matan da ke zaune suka fashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na juya zan tafi kika ce in nemi wuri in zauna, taliya ta kusa nuna. Ranar kika raɗa mini Zagara, sunan furen lemo, wai don akwai ƙamshi amma ba a kai ga 'ya'ya ba tukuna. Wata shida na yi ina kalmasa bakin zane kafin ki bar ni in taɓa almakashi, kuma fushin da na yi da ke a wata shidan nan ko da mahaifina ban taɓa yin irinsa ba.

A wurinki gam ƙarya ce da aka shafa wa yadi. Kina cewa duk abin da aka liƙa, ranar da ya ji zafi zai saki mai shi a gaban jama'a. Amma abin da aka fi sanin ki da shi shi ne zare. Al'adar tsofaffin telolin garinmu ce, ke kuma kika riƙe ta tamkar addini: ba a ɗinka tufa a jikin mai rai sai an sa masa guntun zare a baki ya ciza, domin gawa kaɗai ake yi wa ɗinki a jiki bakinta wayam. Amarya ce ko direban da maɓallinsa ya tsinke, kowa sai ya ciza. Har Fada limamin cocinmu da kansa, ranar da rigarsa ta yage ana shirin fita zagayen idi, sai da ya tsaya a ƙofar coci da farin zare a leɓe kamar kowa. In an ce miki camfi ne sai ki ce, "To, camfin ne. Amma kin taɓa ganin abin da ke rufe bakin mai kawo ɗinki kamarsa?"

Sai da na daɗe tare da ku Rafilina ta gaya mini dalilin da ya sa ba kya wasa da wannan abu. A shekarun da ciwon nan na ƙanjamau ya yi ta ɗauke ƙawayenki ɗaya bayan ɗaya, dangi na gudun gawarsu, ke ce kike zuwa ki wanke su, ki sa musu rigar da suka fi so, ki rage ta a jikinsu domin ciwo ya cinye su. Mutum goma sha bakwai kika yi wa haka, ba ki taɓa ba mu labarin ko ɗaya ba. Kin san ɗinkin da babu zare a baki, shi ya sa ba kya son ganinsa a kan mai numfashi.

Lokacin da wani gidan talabijin a Milano ya fara gasar sarauniyoyi, wato masu irin sana'armu, kin doshi saba'in, ciwon sukari ya fara cin idonki. "Sun jira sai da gwiwata ta mutu sannan suka kunna fitila," kika ce. Duk mako sai kin zagi shirin, kuma ba ki taɓa bari ya wuce ki ba. Sarauniya goma ake tarawa a killace, a karɓe wayoyinsu, kowane mako a ba su aiki a sallami ɗaya, har mako na takwas da ukun da suka rage za su fito da rigar ƙarshe a ɗora wa ɗaya kambi. Bara da aka kira ni, da gudu na sauko lungu in gaya miki. Ko barka ba ki ce mini ba. Kika lalubo tef ɗin awo daga wuyanki, kika ce in ɗaga hannu.

Wata huɗu kika yi a kan rigar ƙarshen nan. Kika buɗe kabad ɗinki kika fito da rigunan da kika hau dandamali da su shekara hamsin, kika warware su ɗaya bayan ɗaya, kika tsince duk wani dutse da ɗan wuri mai walƙiya da ke jikinsu kika tara a kwanonin miya. Idonki ba ya ganin kafar allura, don haka kowace safiya Rafilina ke zura miki zare a allura ashirin ta kafe su a matashi, ke kuma ki yi ta aiki da yatsa har su ƙare. Na roƙe ki ki bar ko da koriyar nan da kika fi so. "In bar wa wa? Asu ya cinye?" kika ce, kika sa mata almakashi. Da kika gama, rigar shuɗiya ce kamar tekunmu da safe, nauyinta kilo goma sha ɗaya, kowane dutse da ƙullinsa. Kabad ɗin kuwa babu abin da ya rage a ciki sai maratayai.

Da kanki kika naɗe ta a akwati, ba ki bar kowa ya taɓa ba. Abin da kika faɗa mini ranar yana nan a kunnena. "Kambi nasu ne, su ba wanda suka ga dama. Ni dai rigar nan nake so ta shiga talabijin. In gan ta ko dishi-dishi ne, in ce ga ni can." Kin ba da duk abin da kika taɓa zama a kan dandamali, abu ɗaya kika nema a wurina, shi ne in kai mako na takwas in sa ta.

Ban kai ba. Duk ƙasar nan ta san haka yanzu, amma zan faɗi yadda aka yi, domin a nan ne mutum zai gane ko wace ce ke.

A mako na shida aka ba mu labule da zanen tebur, aka ce kowa ta ɗinka rigar fita biki cikin awa biyar. Ɗakin nan ya cika da ƙaurin gam mai zafi, ni kaɗai ce da allura, ana yi mini dariyar tsohuwa. Akwai wata Lavinia, 'yar Milano, doguwa, gwana a rawa, wadda tun ranar farko ba ma ga-maciji da juna. Ba ta kirana da suna sai mai ƙarnin kifi. Saura minti arba'in a fita, ni kuma saura hannun riga ɗaya da kalmasa, sai na ji ihu. Zafin fitilu ya narkar da gam ɗin Lavinia, rigarta ta rabu tun daga wuya har ƙugu, ta tsaya tana riƙe da ita a ƙirji, kwalli na bin kumatunta. Kowa ta sunkuyar da kai a kan aikinta. Ban san lokacin da na tashi ba. Na gutsuro zare na kai bakinta na ce ta ciza.

"Wane irin ƙauyanci ne kuma wannan?" ta ce.

"Ciza na ce, doguwar banza. Gawa ake yi wa ɗinki baki wayam, ke kuwa surutunki ya nuna da sauranki."

Ta ciza. Minti talatin da biyar na yi a bayanta, na haɗe rigar a jikinta tsaf. Ta fita ta burge alƙalai, ni na fita da hannu ɗaya da bakin riga yana zubar da zare. Aka sa ni cikin biyun da za su kara a waƙa don neman tsira, tsinin takalmina ya harɗe a bakin rigar da ban kalmasa ba, na zube a gaban kamara huɗu. Ranar aka sallame ni, akwatinki na nan a kusurwa ko buɗe shi ban yi ba.

Kafin a ɗauke mu sai da kowa ta sa hannu cewa ba za ta faɗa wa kowa yadda ta kaya ba har a nuna shirin. A watan Yuli muka gama, ba a fara nunawa ba sai Janairu. Da na dawo na so in karya alƙawarin a gabanki, kika toshe mini baki da hannu. "Kar ki kuskura. Na jira shekara hamsin, wata shida ba zai kashe ni ba." Kika ce in kawo rigar a shanya ta ta sha iska, kika shafa ta sama da ƙasa, kika mayar akwati. Daga nan kika shiga yi wa unguwa shela. Mai burodi ya ji, mai kawo wasiƙa ya ji, Totonno mai kifi ya ji har ya gaji: ku jira mako na takwas ku ga abin da ake kira riga. Ina ganin ki kina ramewa, ina ganin idon na ƙara rufewa. Ban taɓa jin kunya irin ta watannin nan ba, kuma akwai ranakun da na ƙi zuwa gaishe ki don kawai kada in ji kina yabona.

Da aka fara nunawa, duk Alhamis bayan cin abinci Totonno ke fito da babbar talabijin ɗinsa bakin lungu, a jera kujeru, na saman bene su leƙo ta baranda da bargo a kafaɗa. Ke kuwa kujerarki na gaba, hancinki kusan yana taɓa gilashin, Rafilina na gefenki tana gaya miki abin da idonki ya kasa kamawa. Ranar mako na shida can baya na tsaya, kusa da inda ake ajiye babura, don in sami hanyar gudu. Aka nuno rigar Lavinia ta rabu, lungu ya ɗauki shewa, don ba wanda ke ƙaunarta a nan. Sai aka nuno ni na ajiye aikina na tashi.

"Me take yi?" kika ce.

"Ta tafi wurin doguwar nan," in ji Rafilina.

"Da me a hannunta?"

"Allura."

"Ta sa mata zare?"

"Ta sa mata, yaya. Ga shi nan ta ciza."

Aka nuna faɗuwata, aka nuna sallamata. Totonno ne ya fara magana. "Kai, amma an yi asarar riga! Saboda 'yar Milano? Da ni ne da na bar ta ta fita tsirara." Sai kika dafa sandarki kika miƙe, ke da sai an kama ki kike tashi.

"Rufe mana baki, Totonno, kai da ko saƙar tarunka matarka ke yi maka. Ina 'yar banzar nan take? Zagara! Fito, na ji ƙamshin turarenki tun ɗazu."

Na ratso kujeru na zo na durƙusa, na fara ba ki haƙuri a kan rigar. Kika kama kunnena kamar yadda kike yi tun ina koyon kalmasa.

"Tun Yuli na san ba ki sa ta ba," kika ce. "Na kafe bakin wuyan da farin zare kafin in rufe akwati, ba mai shiga rigar sai ya tsinke shi. Da kika dawo na laluba na ji shi yana nan. To in na yi shiru ai wannan mai kifin zai gane, ki karya alƙawarinki ba da bakinki ba. Abin da ban sani ba shi ne dalili. Wata bakwai ina fargaba ko gam kika shafa aka kore ki." Sai kika juya ga jama'a, muryarki ta dandamali ta dawo har na saman bene suka ji. "Kun gani ko? Ni ce can! Na ce muku zan shiga talabijin, ga ni kun gani."

Uwar ɗakina, na sha tafi a rayuwata, a Roma da Palermo da wuraren da ban iya faɗin sunansu ba, amma ban taɓa jin girman kaina kamar ranar da kika riƙe kunnena a bakin lungu ba. Ina alfahari da ke, ina kuma alfahari da cewa hannun da ya tashi a ɗakin nan ba tare da ya yi shawara da ni ba, ke kika horar da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu rubutu a jarida sun ce kirkina ne. Ba su san ni ba. Ni ba ni da kirkin da zai sa in taimaki Lavinia, tarbiyya ce ta fi ƙarfina.

Mako biyu bayan haka Lavinia ta ɗauki kambi, kika ce ba laifi, ai ɗinkin gidanmu ne ya kai ta. Aka tambaye ki yadda za a yi da shuɗiyar rigar, kika ce, "Tunda mai ita ta kasa, ni zan sa abata. Ina da wurin zuwa." Muka yi dariya, har da Rafilina. Ba mu san kin riga kin gaya wa Fada cewa a cikinta za a binne ki ba, kin kuma ja masa kunne cewa in aka sa miki kwat da wando za ki tashi ki ba shi kunya a gaban jama'arsa.

Ranar Laraba da safe ni da Rafilina muka wanke ki. Na buɗe akwatin, na tsinke farin zaren da ke wuyan da hannuna, muka sa miki. A jikina kika auna ta, ke kuma ciwo ya cinye ki, sai ta yi miki yawa ta ko'ina. Na ɗauko ɗaya daga cikin alluran da suka rage a matashi, da zarenta a zure tun na Rafilina, na durƙusa zan rage ta. Kafin in soka, hannuna ya gutsuro guntun zare ya nufi bakinki da shi. Rafilina ta riƙe mini wuyan hannu. "A'a, 'yar nan," ta ce. "Yau ba a sa mata." A nan ne na san kin tafi. Na yi ɗinkin har ƙarshe, ƙulli bayan ƙulli, yadda ba za ki sami abin zagi ba.

Mutum shida suka ɗauki akwatin gawarki suna ƙorafin nauyi, Totonno na gaba yana kuka kamar ba shi ba. Amaren da kika yi wa ɗinki sun fito, wasu da jikokinsu. Lavinia ta zo daga Milano a jirgin safe, ba kwalliya ba kamara, ta tsaya can baya inda na taɓa tsayawa. Ba a nuna jana'izarki a talabijin ba, amma tun daga ƙofarki har coci babu barandar da ba mutum a kai.

Allah ya jiƙan ki, Donna Ortensia. Ya yafe miki kurakuranki, da na baki da na zuci, ya sa sutura goma sha bakwai ɗin nan da kika yi wa waɗanda aka guda su zama suturarki a gabansa. Ya haskaka makwancinki, ya mayar miki da idon da kika ƙarar a kan kafar allura, ya sada ki da ƙawayenki cikin salama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rafilina, wadda ta zura allura ashirin kowace safiya ba ta taɓa cewa ta gaji ba, da 'ya'yanta da jikokinta da duk zuriyar Tramontano, da 'yan ɗakinki da ke warwatse a dandamalin ƙasar nan, da mutanen lungunmu baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen.

Rafilina ta ba ni mabuɗin ɗakin da keken. Ranar Litinin zan buɗe ƙofa, akwai amarya mai zuwa gwaji. Guntun zaren da ban sa miki ba yana aljihuna, ita za ta ciza.